Hoton buki: a tsara shi tun kafin ranar, kuma a fara da tsofaffi

Bukin aure a garuruwanmu abu ne da ake tsarawa har ƙwayar goro. Tun da sauran wata guda an san wanda zai sayo goro da dabino, an san buhun shinkafa nawa za a dafa da matan da za su tsaya kan tukwane, an kama kujeru da tanti, an raba anko, an san motar da za ta kai amarya ɗakinta. Abu guda ake bari ga sa'a, shi ne hoton dangi. A kira mai hoto, a yi ciniki, a ce masa "ka dai zo da wuri", shi ke nan. Bayan sati biyu ya turo hotuna ɗari uku ko huɗu, a zauna a duba: amarya da ƙawayenta ta kowace fuska, ango da abokansa sun sha manyan riguna, lallen hannu, takalmi, kwanukan abinci, har da mota. Can sai wani ya ce, "To ina Inna tsohuwa?" Babu ta. Ko kuma ga ta a gefen wani hoto, rabin fuska, tana miƙa wa wani buta.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Hoton dangi na ranar buki ya cancanci a zauna a tsara shi kamar yadda ake tsara abinci, a damƙa shi hannun mutum guda na cikin gida, kuma a sa tsofaffi a farkon layi. Ba na cewa a rage wa amarya komai. Ranarta ce, ta yi hotonta yadda ranta yake so. Sai dai hoton amarya da ƙawaye ba ya bukatar tsari, da kansa yake ɗaukuwa, domin kowace ƙawa tana riƙe da waya. Wanda ba ya ɗaukuwa da kansa shi ne na kaka, da na baffan da ya taso daga ƙauye, da na gwaggon da ta wuni a bayan murhu.

Mu duba abin da buki yake tarawa. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a Nijar mace guda kan haifi ƴaƴa fiye da 7 in an yi lissafin tsaka-tsaki. A haɗa wannan da gidajen mata biyu ko uku, sai a ga girman zuriyar tsoho guda. Wannan zuriya kuwa a warwatse take. Gida guda na Maradi za ka tarar yana da ɗa a Yamai, ɗiya tana aure a Katsina ko Jibiya, ƙane yana kasuwanci a Kano, wani yana ci-rani a Abijan ko Tamanrasat, wani an tura shi koyarwa can wajen Diffa. Abu biyu ne ke tara su wuri guda: buki da rasuwa. A zaman makoki ba a ɗaukar hoto, kuma wanda aka taru dominsa ba ya nan. Saura buki ke nan. Waɗanda suka aurar da ƴaƴa tsakanin Agusta 2023 da Maris 2024, lokacin da iyakarmu da Najeriya take rufe, sun san cewa ko wannan haɗuwar ba kullum take samuwa ba. In Allah ya tara maka kaka da ƴaƴanta bakwai da jikoki talatin a tsakar gida guda, ba ka da tabbacin za ka sake ganin wannan taron.

Sau da yawa laifin ana ɗora shi kan mai hoto, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Baƙo ne. Bai san cewa tsohon nan mai tsohuwar hula da ke zaune bakin zaure shi ne waliyyin amarya ba, bai san cewa matar da ke cikin shadda mai walƙiya maƙwabciya ce kawai ba. Idonsa yana bin ado, domin ado ne ke tallar aikinsa in ya sa a Facebook. Wanda aka biya aka ce masa "ɗauki buki", to abin da ya fi ƙyalli a bukin zai ɗauka.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Tsarin hoton da matasanmu suke gani a intanet na Turawa ne: ango da amarya a tsakiya, uwa da uban ango a hannun dama, uwa da uban amarya a hagu, kowa na murmushi. Wannan tsari an gina shi kan gida mai uwa guda da uba guda, inda suruki ke rungumar surukinsa. Mu ba haka muke ba. A al'adarmu amarya ba ta halartar wurin ɗaurin aurenta, a wurare da yawa ango ma wakilinsa ne ke karɓa masa. Uba yakan bar wa wansa ko ƙanensa waliccin ɗiyarsa. Uwa takan koma gefe ta bar wa ƴar'uwarta ko gwaggon yarinya hidimar, musamman in ɗiyar fari ce, wadda ko sunanta ba ta faɗa. Ango kuwa in ya hango surukarsa a hanya yakan canza lungu. Sai ga yaro da kyamara yana cewa, "Hajiya, matso kusa da ango, ɗan dafa kafaɗarsa." Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Ko dai a tilasta, a samu hoton mutanen da kowa ya sunkuyar da kai kamar an kama su da laifi, ko kuwa dattawa su zame ɗaya bayan ɗaya, a tashi babu su. Daga nan sai matasa su ce tsofaffi ba sa son hoto. Na zauna da tsofaffi da yawa, kuma abin da na lura shi ne akasarinsu ba hoton suke gudu ba, wurin da ake so a tsayar da su suke gudu.

Maganin a ganina shi ne a daina gina hoton dangi a kan ango da amarya tare, a gina shi a kan gida. Gidan amarya su yi nasu, gidan ango su yi nasu, maza a waje, mata a ciki, kamar yadda bukin kansa yake tafiya. Uban da ba zai tsaya kusa da surukinsa ba, zai zauna cikin ƴan'uwansa maza da murna, a ɗauke su a jere bisa ga shekaru. Uwar da ke jin nauyin tsayawa da ɗiyar farinta su biyu, ba za ta ƙi zama cikin ƴan'uwanta mata ba, amarya tana ƙasa a gabansu. Kaka kuwa ita ce mafi sauƙi, domin tsakanin kaka da jika wasa ne, babu kunya. Ita da ke kiran amarya kishiyarta, tana kiran ango mijinta, ai ba sai an roƙe ta ba. Abin mamaki, hoton da ya fi kowane sauƙin samu kuma ya fi kowane daraja, shi ne aka fi mantawa.

A nan ne nake so in yi magana da ƴan'uwana malaman lakwal. A makarantar horas da malamai inda nake koyarwa, abin da muke nanata wa ɗalibai tun shekarar farko shi ne kada su shiga aji babu takardar shirin darasi, wadda muke kira fish: me za a yi, da wa, cikin minti nawa, da wane kayan aiki. Malamin da ya iya jera yara sittin a ƙofar aji, gajeru a gaba, dogaye a baya, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, ba abin da zai gagare shi a hoton buki. Kuma dama a ƙauyuka da unguwanni mushe ake nema ya riƙe kaye ya rubuta gudummawa, wance ta kawo jika biyu, wane ya kawo turmin atamfa. Wato mun saba rubutu a wurin buki. Shafi guda kawai za a ƙara a cikin wannan kayen.

Shafin nan a rubuta shi da sauran sati guda, a zaune da dattijuwar da ta san dangi ciki da waje. Kada ya wuce rukuni takwas ko goma a kowane gida. A gwada lissafi: kafin a kira mutane, a zaunar da tsofaffi, a gyara gyale, a jira wanda ya tafi alwala, kowane rukuni yana cin minti huɗu ko biyar. Rukuni takwas sun cinye fiye da rabin awa. In aka rubuta ashirin, kafin a kai rabi mutane sun gaji, shinkafa ta sauka, layi ya watse. A rubuta sunaye, kada a rubuta "dangin uwa" kawai, domin "dangin uwa" kowa yana iya shiga, kuma wadda aka fi bukata tana iya zama a ɗaki tana jiran a kira ta. A fara da rukunin da ke da mafi tsufa da marasa lafiya, a sallame su su koma inuwa. Daga nan a yi babban hoto tun kowa yana nan, sannan a riƙa rage mutane. Sallamar mutum ta fi nemo shi sauƙi. Yara ƙanana ma a yi da su da wuri, kafin miya ta hau riga.

Wanda zai yi kira shi ne ginshiƙin abin. Ba mai hoto ba, ba kuma uban amarya ba. A nemi wanda ya san kowa, mai murya, wanda in ya ce wa dattijo "taso" ba za a ce ya yi rashin kunya ba. Al'adarmu ta riga ta tanadi irin wannan mutum: taubashi, ko jika babba, ko abokin wasa na wata ƙabila ko wani gari. Wasan dangi na Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014, muna yawan yabonsa a jawabi, to ga wurin da zai yi mana aiki a fili. Taubashiya tana iya shiga ɗaki ta ce, "Gwaggo, fito, ke kaɗai ake jira, ko sai an aiko da doki?" a yi dariya, Gwaggo ta fito. In ɗiyar cikinta ta faɗi haka, sai an kwana ana ba da haƙuri.

Yanzu ga wurin da ke da ƙaya, wanda saboda shi ne ma na fi dagewa a kan a tsara tun da wuri. Hoto yana faɗin matsayi. Wanda aka zaunar a tsakiya, da wanda aka tsayar a gefe, da wanda ba a kira ba, duk magana ce, kuma magana ce da za ta rataye a bango shekara talatin. A gidan da ke da uwargida da amarya, wa zai zauna kusa da yarinyar? In uwar da ta haife ta an rabu da ita tun yarinyar tana goye, ta yi wani aure a wani gari, ta zo buki a matsayin baƙuwa, ga kuma matar uba ko gwaggon da ta yi riƙon, ta yi wanki da jinya da kai wa lakwal, wace ce uwar amarya a hoto? Na halarci bukin da aka bar wannan tambaya sai a gaban kyamara. Mai hoto ya ɗaga murya ya ce, "Uwar amarya ta matso." Mata biyu suka yunƙura, kowace ta ga ɗayar, duka biyun suka koma suka zauna. Tsakar gida ta yi tsit. Ba a yi hoton ba, kuma maganar ta daɗe tana yawo cikin dangi bayan an manta da irin abincin da aka ci.

Da an zauna tun farko, da abin bai kai haka ba. Ana iya yin hoto biyu, ɗaya da mahaifiya da danginta, ɗaya da mariƙiya da mutanen gidan, a sanar da kowace tun kafin ranar, a kira kowace da sunan da ake kiranta a gida, a bar kalmar "uwar amarya" gaba ɗaya. Kishiyoyi a zaunar da su bisa tsarin shigowarsu gidan, tsarin da kowa ya sani kuma ba mai jayayya da shi. In akwai ƴan'uwa biyu da ba sa ga maciji, a sa mutum uku tsakaninsu, ko a raba su rukuni. Kyamara ba ta sulhu, kuma ranar buki ba ranar gwada sulhu ba ce.

Sai waɗanda ba sa son a ɗauke su saboda addini. Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, wasu sun halatta, wasu sun ƙyamace shi in ba da larura ba, kuma kusan kowane babban gida a Maradi ko Damagaram ko Tawa yana da mabiya ɓangarorin biyu. Ba aikin mai riƙe da kaye ba ne ya yanke hukunci. A tambayi mutum a keɓe kafin ranar. In ya ce a'a, a cire sunansa, kada a kira shi a bainar jama'a ya zama dole ya ƙi a gaban mutane, kada kuma a ɗauke shi a sace. Haka matan da mazajensu ko su da kansu ba su yarda namiji baƙo ya shigo ya ɗauke su ba. Nan mafita tana da sauƙi: cikin gida a ba mace, ko mai sana'ar ce ko ƴar gida mai waya mai kyau. Na ga gidajen da dattijai mata suka ƙi fitowa sam, da aka ce jikarsu ce za ta ɗauka, sai ga su sun ɗauro sabon kallabi.

Maganar lokaci da haske ba sai mutum ya zama gwani ba. Maza an fi samunsu cikakku da zarar an shafa fatiha, kafin a watse. Minti goma aka yi sakaci, rabinsu sun hau babur. Saboda haka a sanar tun kafin a ɗaura cewa ƴan'uwa na jiki su dakata. Mata kuwa bayan la'asar ya fi, an gama rabon abinci, an yi wanka, rana ta yi sanyi. Amma kada a ja, domin a ƙasarmu da rana ta faɗi, cikin minti ashirin zuwa talatin duhu ya shiga, ga kiran magariba, ga shirin kai amarya. Rana tsaka ita ce mafi muni, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40: ido ya ƙanƙance, hula da rawani su jefa inuwa a fuska, tsofaffi su galabaita. Gindin bedi yana da daɗin zama, amma hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Tanti mai launin shuɗi ko ja yana rina fuskar kowa. Inuwar dogon bango ta fi duka, mutane suna fuskantar fili. A kuma tuna wa mai hoto cewa farar shadda tana ruɗar kyamara, ta rage haske, riga ta fito tas fuska ta yi duhu. A ce masa fuska muke so. Kowane rukuni ya ɗauka sau uku ko huɗu, domin cikin mutum ashirin ba a rasa mai ƙifta ido.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba na raina maganarsu. Za su ce buki ya riga ya yi nauyi, ga lefe, ga kayan ɗaki, ga anko kala uku, yanzu kuma mushe ya zo da wata sabuwar bidi'a. Gaskiya ne tsadar aure ta zama annoba, tana hana samari aure, tana jefa iyaye bashi. Sai dai abin da nake kira gare shi ba ya ƙara ko dala. Mai hoton an riga an biya shi. Rabin awa ce za a ɗebo daga lokacin da yake ɓatawa kan takalmi da kwanuka. Wanda ma bai ɗauki mai hoto ba, wayar ɗan gida ta isa, in an tsaya a inuwa mai kyau an goge gilashin kyamarar da gefen riga. In ma rage kuɗi ake so, a rage hotunan kafin aure da ake zuwa sitidiyo a canza kaya sau huɗu, waɗanda ba su da wani amfani sai yawo a wayoyin mutane.

Yawon nan ma abin dubawa ne. Tsohuwar da ta yarda jikarta ta ɗauke ta, ba ta yarda a sa ta a TikTok da kiɗa a ƙarƙashi ba. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ba sai an kai ga doka ba, mutunci ya isa. A gaya wa mai hoto tun wurin ciniki cewa hotunan dangi ba na talla ba ne. A gaya wa yaran gida su tambaya kafin su watsa. Mu malamai da ke fama da ɗalibai kan abin da suke sakawa a waya, ga darasi a aikace, a cikin gidajenmu.

Daga ƙarshe, a wanke hoton a takarda. Seydou Keïta ya buɗe sitidiyonsa a Bamako a 1948, Philippe Koudjina ya ɗauki mutanen Yamai a shekarun 1960 da 1970, kuma har yau ana kallon aikinsu domin fim da takarda sun jure. A gidajenmu ma akwai hoton baƙi da fari na kakanni a ƙasan akwati, shekara hamsin bai ɓace ba. Hoton bukin da aka yi shekara biyar da ta wuce fa? Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko katin ya lalace, mai hoton ya share nasa don ya samu wuri. Abin da ya rage shi ne wanda aka tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa kyau in ba a tura shi a matsayin takarda ba, in aka zo faɗaɗa shi sai fuska ta dagule. A karɓi hotunan na asali daga hannun mai hoto a kile ta USB, a ajiye kwafi a wuri biyu. A zaɓi takwas ko goma na dangi a wanke su, babban a yi shi santimita 20 bisa 30 don fuskoki su fito, a ba kowane ɗaki nasa, a aika wa na Katsina da na Abijan.

A bayan kowane hoto a rubuta gari da rana da shekara, da sunayen mutane daga hagu zuwa dama, layin zaune sannan layin tsaye, da dangantakar kowa da amarya ko ango. A rubuta sunan yanka tare da sunan da aka san mutum da shi, domin jikokin da ke tafe za su san "Inna ta Tibiri" amma ba za su san sunanta na gaskiya ba, tunda ba mai faɗinsa a gida. A yi rubutun da fensir mai laushi, ko a rubuta a ƴar takarda a manna, saboda biro yana huda hoto kuma tawadarsa tana cin fuska in damina ta yi. Wannan aiki a ba ɗan lakwal na gidan, ya zauna kusa da kakarsa, tana nunawa da yatsa tana faɗa, yana rubutawa.